Kwamiti-kwamiti ko Karɓa-karɓa: Wane Rabon Aiki Ya Dace da Reshenku Wajen Shirya Lacca?

Duk reshen ƙungiyar ƙwararru da ya ƙudiri aniyar riƙa gayyato masana su yi wa mambobinsa lacca, ba ya wuce zama biyu sai ya ci karo da tambayar da ba a sa a ajanda ba: wa zai yi me? Kowa ya yarda lacca abu ne mai amfani, kowa yana da sunan farfesan da yake so a kira. Amma da an zo kan wanda zai rubuta takardar gayyata, ya bi ta da waya, ya kama zaure, ya tabbatar akwai mai a janareta, sai ka ga kowa ya sunkuyar da kai yana latsa wayarsa. Ba ƙyuya ba ce. Aikin na sa-kai ne, ba mai biyan kowa, kuma masu yinsa mutane ne da lokacinsu ba a hannunsu yake ba. Likita yana kwanan asibiti, lauya yana da kotu da ƙarfe tara, akanta ba a ganinsa a ƙarshen wata, injiniya yana can bakin aiki a wata ƙaramar hukuma.

Ƙungiyoyin nan ba na jiya ba ne. Ta masu harhaɗa magunguna, PSN, tun 1927 take. Ta lauyoyi, NBA, 1933. Ta likitoci, NMA, 1951. Ta 'yan jarida, NUJ, 1955. Ta injiniyoyi, NSE, 1958. Cibiyar akantoci ta ICAN kuwa dokar 1965 ce ta kafa ta. Rassansu sun saba da babban taron shekara: Makon Lauyoyi, Makon Injiniyoyi, Makon 'Yan Jarida, da Makon Likitoci da ake yi a watan Oktoba. Abin da ya ƙara wa lacca nauyi shi ne hukumomin da ke kula da sana'o'in sun ɗaura ta da lasisi. Hukumar MDCN mai kula da aikin likitoci, alal misali, tana neman likita ya nuna shaidar ƙaro ilimi kafin ta sabunta masa lasisi, kuma ba kowane zama ake ƙirgawa ba sai wanda aka shirya a ƙarƙashin mai izinin hukumar. Ke nan takardar da ake sa hannu a bakin ƙofa ta zama hujja, wanda aka ba riƙonta kuma ba ƙaramin aiki aka ba shi ba.

Hanyoyin rabon da na sani uku ne. Ta farko ba zan daɗe a kanta ba, domin ba zaɓarta ake yi ba, faɗawa cikinta ake yi: a bar wa sakatare komai. Shi ne mai gayyata, shi ne mai kama zaure, shi ne mai sayo ruwa da lemo, ranar taro kuma shi ne mai gabatarwa. Idan aka dace da haziƙi, lacca huɗu ko biyar za su tafi sumul, har a riƙa yabon reshen. Daga nan sai ya gaji, ko a yi masa canjin wurin aiki, ko wa'adinsa ya cika, sai shirin ya bi shi, tare da lambobin wayar malaman da sunan mai ba da hayar majigi. Reshen da ke cikin wannan hali bai raba aiki ba tukuna. Sauran biyun su ne abin kwatantawa.

Kwamiti-kwamiti

Wannan ita ce hanyar da muka fi sabawa da ita, har ma a bikin aure. Ana yanka aikin fanni-fanni, kowane fanni a ba wasu mutane su riƙe shi tsawon shekara ko tsawon wa'adin shugabanni: kwamitin zaɓen maudu'i da malamai, na yaɗa labarai, na zaure da na'urori, na tarbar baƙi, na walwala, na kuɗi. Duk laccar da ta taso, kowa ya san ɓangarensa.

Amfaninta a fili yake. Wanda ya yi shekara yana hulɗa da zaure ya san abin da baƙo ba zai sani ba: wane layin kujeru ne fanka ba ta kaiwa, wane soket ne ya mutu, ƙarfe nawa mai kula da janareta yake tashi, kuma nawa ake ba shi ya ƙara awa ɗaya. Wanda ke riƙe da yaɗa labarai ya san 'yan jaridar da za su zo, ya san sanarwar rediyo da ake ji da wadda ke wucewa ba mai saurare. Idan babban taro ne, irin wanda ake kama zauren Gidan Mambayya a Kano ko na Arewa House a Kaduna, a gayyaci kwamishina da wakilin masarauta, to babu makawa sai an yi haka. Tsarin zaman manyan baƙi kaɗai aikin mutum biyu ne masu sanin ya-kamata. Wa zai zauna dama da shugaban taro, wa za a fara ambata a gaisuwa, ina za a sa wanda ya zo ba a gayyace shi ba amma ba a isa a bar shi a kujerar baya ba. Mutum ɗaya da ke fama da makirufo ba zai iya wannan ba.

Matsalarta tana tsakanin kwamiti da kwamiti. Akwai ayyukan da ba su faɗa cikin kowane fanni sosai ba, kuma su ne ke ɓata taro. Na ga laccar da aka yi wa komai: an share zaure, an liƙa fosta, an jera ruwa a kan teburin manya. Mai lacca ya ciro kwamfutarsa, sai aka ga bakin wayar majigin tsohon yayi ne, ba ya shiga. Masu na'urori suka ce ba wanda ya gaya musu irin kwamfutar da zai zo da ita. Masu hulɗa da malamai suka ce su gayyata aka ba su, ba su san akwai wata maganar waya ba. Kowa da gaskiyarsa. Aka tura yaro kasuwa a kan babur, jama'a na fifita da takardar tsarin taro, har aka kira La'asar rabin zauren ya fita bai dawo ba. Haka ɗauko baƙo daga filin jirgi yake: masu tarba suna zaton aikin masu sufuri ne, masu sufuri suna jiran ma'aji ya ba da kuɗin mai, baƙon kuma yana tsaye da jakarsa yana kiran wanda ya rubuta masa takarda wata biyu da suka wuce.

Sai kuma yawan suna. A wurinmu sa mutum a kwamiti girmamawa ne, cire shi kuma abin magana ne. Don haka za ka ga kwamiti mai mutum goma sha biyu, masu aiki biyu ne, sauran goman sai ranar taro za su zo da babbar riga su nemi bajen da aka rubuta "jami'i". Wannan ba zai hana aiki ba idan an san biyun. Inda yake cutarwa shi ne idan an ce "kwamitin zaure zai duba", ba a ce wane ba. Kuma ga mai lacca kansa, tsarin yana da gajiyarwa: yau wani ya kira shi kan maudu'i, gobe wata ta nemi hotonsa don fosta, jibi wani ya tambayi lambar asusunsa, kowa da lokacin da ya ce za a fara.

Karɓa-karɓa

A nan ba fanni ake rabawa ba, laccocin ake rabawa. A farkon shekara a zauna a ce ta watan kaza ta Barista wance ce, ta watan kaza ta Injiniya wane. Wanda aka ba ita shi ne mai ita daga gayyata har takardar godiya. Ba a ce ya yi komai da hannunsa ba. Zai nemi masu taya shi, amma shi za a tambaya. Ko gayyar noma, da ake taruwa a yi wa mutum aiki kyauta, tana da mai gona: shi ya san inda za a fara, shi ke kawo fura, kuma shi ke duba kunyar da aka tsallake.

Abin da ya sa nake ganin darajar wannan hanya ga masu sa-kai shi ne tana da ƙarshe. Ka ce wa likita ya shiga kwamiti na shekara biyu, zai ce to, sannan ya ɓace. Ka ce masa "Dakta, laccar watan Mayu taka ce, daga ita ba mai sake neman ka sai baɗi", sai ya duba jadawalin kwanansa ya ce a ba shi Yuni. Ya san lokacin da nauyin zai sauka daga kansa. Kuma kowace sana'a tana da lokacin numfashinta: lauyoyi suna da dogon hutun kotu a wajajen Agusta, akantoci ba a taɓa su a watan Yuni saboda takardun harajin kamfanoni, malaman jami'a kuma a kauce wa lokacin jarrabawa da makin takardu. Ga mata 'yan ƙungiya, waɗanda zaman kwamiti na bayan Magariba yake yi wa wuya, wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Wadda aka ba lacca ɗaya a hannunta za ta tsara aikinta ta waya a lokacin da ya yi mata.

Sannan maudu'ai suna faɗaɗa. Kwamiti ɗaya da ke zaɓen malamai shekara da shekaru, ko bai yi niyya ba, abokansa da malamansa zai riƙa juyawa. Idan hannu yana sauyawa, wannan zai kawo likitan ƙwaƙwalwa, waccan ta kawo masaniyar dokar gado, wani ya kawo matashin da ba wanda ya san shi amma ya san aikinsa.

Illarta kuwa, inganci yana hawa da sauka. Laccar wannan wata a cika zaure, ta wata mai zuwa mutum tara, saboda mai ita ya tura sanarwa sau ɗaya a zauren WhatsApp ya ɗauka ya gama. Kowa kuma sai ya sake koyon abin da na gabansa ya riga ya sani, ya je ya yi cinikin zaure daga farko, wataƙila a tsuga masa kuɗin da bai kamata ba. Idan wanda aka ba shirya laccar watan ya kwanta rashin lafiya ko aka yi masa rasuwa, ba wanda ya san inda ya tsaya.

Akwai wata illar da ba a cika faɗa ba, ita ce ta girma. Ƙaramin lauya da bai fi shekara uku da fara aiki ba, ka ba shi lacca ka ce ya gayyato alƙalin babbar kotu ko babban lauya mai lambar girma ta SAN, ka ɗora masa abin da ba zai iya ba. Ko takardarsa ta isa, ba lallai a amsa ba. Ko an amsa, ba shi da bakin da zai ce "Ranka ya daɗe, minti arba'in muka ware". Zai ce "duk yadda ka gani, Yallaɓai", Yallaɓai kuma ya yi awa biyu. Maganar kuɗin mota da masauki ma haka take. Kunya ta hana mai gayyata tayar da ita, kawaici ya hana baƙon tambaya, sai ranar tafiya a yi ta kallon-kallo a bakin mota. Tsarin kwamiti, duk da nauyin jikinsa, yana da manya a ciki da ke iya wannan magana.

To wacce za a ɗauka?

Ni dai ba na fara duba kundin tsarin reshe. Abu biyu nake tambaya: sau nawa za ku yi lacca a shekara, kuma mutum nawa ne idan an kira su ranar Asabar da safe za su zo. Ba yawan sunayen da ke rajista ba, ba yawan masu tura "Allah ya ba da sa'a" a zauren WhatsApp ba.

Idan taro ɗaya ne babba a shekara, mai kwana biyu ko uku, da maƙaloli da liyafar dare da masu ɗaukar nauyi, a yi kwamiti-kwamiti. Amma da sharaɗi biyu. A naɗa mutum ɗaya mai haɗa kan kwamitocin, wanda ba shi da wani fanni sai bin tsakaninsu, kuma kada ya zama shugaban reshe, domin ranar taro shugaba yana kan teburin manya ba ya iya tashi ya duba dalilin da lasifika ke ƙara. Na biyu, kowane baƙo mai jawabi a ba shi mutum ɗaya tak da zai riƙa magana da shi. Duk kwamitin da ke neman wani abu daga baƙon, hoto ne, taƙaitaccen tarihi ne, lokacin saukar jirgi ne, ya bi ta hannun wannan mutumin.

Idan kuwa lacca ce ta wata-wata ko ta bayan wata biyu, mai mutum talatin zuwa ɗari, karɓa-karɓa ta fi, kuma a nan ne yawancin rassa suke. Kafa kwamiti shida saboda laccar awa biyu ɓata lokacin mutane ne, zaman shirya taron sai ya fi taron tsawo. Sai dai akwai abubuwan da bai kamata su shiga karɓa-karɓa ba ko kaɗan.

Kuɗi na farko. Ya tsaya a hannun ma'aji, da adadin da aka yanke wa kowace lacca tun farkon shekara, har da abin da za a ba baƙo idan na gari ne da idan daga nesa ya zo. Da an rubuta wannan, kunyar ta kau: mai shirya laccar watan zai ce "ga abin da reshe ya saba yi", ba daga aljihunsa ko ra'ayinsa ba. Kada a bar mai sa-kai ya kashe nasa a ce za a biya shi daga baya. Asusun ƙungiya yana buƙatar sa hannun mutum biyu, ɗayansu kullum yana Abuja, wanda ya bi bashin kuɗinsa wata uku kuwa ba zai sake karɓar lacca ba. A ba shi kuɗin kafin taro, ya kawo rasidai cikin mako guda.

Rajista da takardun shaida su ma mutum ɗaya ya riƙe, mai tsari, wanda ba ya jin nauyin ce wa babba "Hajiya, ba ki sa hannu ba". Shi ne mai jerin sunaye da lambobin mambobi, kuma tunda Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, jerin nan ba abin da za a riƙa miƙa wa duk wanda ya tambaya ba ne, balle kamfanin da ya ɗauki nauyin lemo.

Sai na'urori. Wannan na matasa ne, kuma a bar su su biyu, kada ɗaya, don masu yi wa ƙasa hidima da sababbin shiga ba sa daɗewa. A saya musu jaka guda a zuba wayoyin majigi iri-iri, da batiran makirufo, da doguwar wayar wuta. Idan ana haɗa taron da intanet, aikinsu ya ninka: Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, Google Meet na kyauta bayan awa ɗaya idan taron jama'a ne, don haka sai an yanke tun wuri ko reshe zai biya. Kuma mai lura da masu shigowa ta intanet, yana kashe makirufon wanda ya manta yana ciniki a kasuwa, ba zai iya zama shi ne mai juya shafukan majigi ba.

Maganar girma kuma maganinta haɗa biyu. Kowace lacca a ba ta ƙarami mai zafin nama, a jingina shi da babba ɗaya. Babban ba a neman ya zo zama. Aikinsa ya ɗaga waya sau ɗaya ya buɗe ƙofa, ya faɗi tsawon lokacin da aka ware, ranar taro kuma ya zauna kusa da baƙon, ta yadda idan lokaci ya ƙure shi zai tura masa 'yar takarda. Daga tsara ko na gaba ake karɓar irin wannan takarda ba tare da an ji haushi ba. Sauran bin diddigi duk na ƙaramin ne, kuma ta haka yake sanin manyan sana'arsa, wanda shi ne ladan da ya fi samu a aikin.

Kalanda ba ta mutum ɗaya ba ce, a zaman farko za a zana ta gaba ɗaya. A cire watan azumi ko a mayar da laccarsa ta safe. A kauce wa makon Sallah da na Kirsimeti da lokacin tashin alhazai. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan hana jirgi sauka a Kano da sauran filayen Arewa, don haka watannin nan a ba malaman gari, ko wanda zai iya zuwa ta mota, ko a tanadi na biyu da zai tsaya idan na farko bai iso ba. Lokacin farawa ma a yanke shi sau ɗaya: ko ƙarfe goma a gama kafin Azahar, ko bayan La'asar a gama kafin Magariba. Laccar da salla ta raba biyu da wuya rabinta na biyu ya samu jama'a.

Abin da ke ɗinke karɓa-karɓa ya hana kowa farawa daga tushe shi ne takarda mai shafi ɗaya da ke bin laccar daga hannu zuwa hannu. A rubuta: saura mako shida a samu amsar baƙo, saura mako uku a kama zaure a fitar da fosta, saura mako guda a karɓi maƙala a tambayi irin kwamfutarsa, ana gobe a kira shi, a kira mai janareta, a sake tura tunatarwa. A ƙasa a sa lambar mai zaure da kuɗin da aka biya a karon baya. Wanda ya gama tasa ya ƙara layi ɗaya na abin da ya ba shi wahala, ya miƙa wa na gaba. Kwafinta ya zauna a wurin sakatare, ya shiga cikin takardun da ake miƙa wa sababbin shugabanni bayan zaɓe.

Reshen da ya ƙirga ya ga masu zuwa ranar Asabar ba su wuce huɗu ba, kada ya yi alƙawarin lacca goma sha biyu. Ya yi huɗu a shekara, kowa da tasa, sauran ukun su riƙe masa kuɗi da rajista da na'urori idan zagayensa ya zo. A kowace lacca kuma a sa ido a kan wanda ya zo da wuri ya taya jera kujeru ba a roƙe shi ba, a ba shi ta farkon shekara mai zuwa.